Furanni a Wuyan Hoton Inna

Shekarar da na je Doha ana kan rushe tsohuwar kasuwar Suk Waƙif ana sake gina ta. Kamfanin da ya ɗauke ni gadi ya jefa ni wani gida a unguwar Matar Ƙadim, hawa na biyu, saman wani kantin kayan masarufi. Na zaci Hausawa zan tarar, don tun a Malumfashi ake ce mini muna da yawa a garin. Ina tura ƙofa na tarar da Indiyawa biyar, kowa ɗaure da zane kamar matan unguwarmu za su wanka, suna kallona ina kallonsu. 'Yan'uwana Hausawa kuwa an watsa su can bayan gari wajen masana'antu. Sai ranar Juma'a ake haɗuwa, ita ma in aiki ya bari.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne kan nasu. Ka tambayi Ba'indiye ko akwai ruwa a famfo, sai kan ya yi dama ya yi hagu, ba i ba, ba a'a ba, yana murmushi. Na yi wata guda ina zuwa famfon da kaina don in tabbatar. Da asuba kuma ba ka bukatar mai tashinka. Su za su shiga banɗaki ɗaya bayan ɗaya, a yi ta kakin majina da kuskurar maƙogwaro, a kankare harshe da wani lanƙwasasshen ƙarfe, kai ka ce rago ake yankawa. Su fito su shafe kai da man kwakwa har yana ɗiga a ƙeya. Shayi kuwa ba a shan shi sai an yi ta juya shi daga wannan kofi zuwa wancan, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma ko ɗigo ba ya zuba. Na gwada sau ɗaya na ƙona cinya, ban ƙara ba.

Girkinsu ya fi komai shiga mini hanci. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe kamar irin alayyafo da suke jefawa cikin tafasasshen mai, su yi ta tsalle suna fashewa, a bi su da busasshen barkono, gida ya turnuƙe, kowa ya yi ta atishawa. Na yi ta mita a zuci, har ranar da na kwance ƙullin daddawar da Inna ta sako mini cikin jaka na kaɗa miyar kuka. Kafin ta nuna an buɗe duk tagogin gidan, ɗaya daga cikinsu yana leƙa bayan firiji yana neman mataccen ɓera. Daga ranar na yi shiru da bakina. Ashe gaskiyar Hausawa ne, gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ga tambaya kamar alƙali. Ka yi aure? Me ya sa ba ka yi ba? Ku nawa ne wajen uwarku? Shekarunta nawa? Mu da aka rene mu ba a ƙirga 'ya'ya a bainar jama'a, sai in rasa inda zan sa kaina. Su kuwa a wajensu wannan ita ce gaisuwa.

Babbansu wani dattijo ne mutumin Kerala, mai gyaran wutar lantarki a kamfaninmu. Siriri, gashin baki fari fat, kullum da safe yakan shafa wani farin abu a goshinsa. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini sadik, wato aboki. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensu, Turancinmu duka biyun gurgu ne. Da guntun Larabcin kasuwa muke lallaɓawa, irin wanda baƙi suka ƙera wa kansu a ƙasar, saura kuma hannu ya ƙarasa. Shi ba Musulmi ba ne. Yana da wani ɗan kabad a kusurwar falo, ciki da hotunan abin bautarsu da 'yar fitilar tagulla ta mai. Tun satin farko ya lura da inda nake fuskanta in zan yi salla, sai ya ja kabad ɗin ya mayar da shi ɗaya bangon. In na tayar da kabbara ba ya ratsawa ta gabana, ko da shayinsa na ƙonewa a wuta. Ni ma ban taɓa taɓa masa kabad ba. Haka muka zauna, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ina da hoton Inna guda ɗaya tak. Ba ta son hoto. Ranar sunan ɗan ƙanwata aka matsa mata, ta tsaya a ƙofar ɗakinta da mayafi, ta ɗan kau da fuska kamar wadda aka kama da laifi. Na soke shi a jikin ƙarfen gadona. Duk lokacin da Baba ya shigo ɗakin, sai ya haɗa tafin hannuwansa ya ɗan rusuna wa hoton, sannan ya dube ni.

"Mama kwayyis?" Wai Inna lafiya?

"Kwayyis, Baba."

Sai ya karkaɗa kai ya fita.

Da hantsi labarin ya same ni. Ina bakin ƙofar wani dogon gini da ke fuskantar Kurnish, babban titin bakin teku, cikin kakin gadi, wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce. Ba ta saba kira ba, sai dai ta yi fulashin in bi ta. Wannan karon ta bari na ɗauka.

"Yaya," ta ce, "sai haƙuri. Inna lokaci ya yi."

Na yi salati kamar yadda ake yi. Na tambaye ta yaushe, ta ce bayan sallar asuba, tana zaune kan buzunta da carbi a hannu. Ana nan ana haɗa ta, kafin azahar za a kai ta. Tana cikin magana wata mota ta tsaya ta yi mini hon. Na ce wa ƙanwata ta ɗan jira, na ɗaga sandar ƙofa, na sara wa mai motar, na sauke sandar, na dawo kan wayar. Katinta ya riga ya ƙare.

Na tsaya ina kallon jiragen katakon nan da ke ɗaure a bakin ruwa. Ina jira wani abu ya taso mini daga ƙirji. Babu abin da ya taso. Na ji zafin rana, na ji takalmina na hagu yana matse mini ɗan yatsa, shi ke nan. Shugabanmu na wajen aiki ya ce in koma gida in huta kwana uku. Maganar tafiya Najeriya ko tayar da ita bai yi ba, ni ma ban tayar ba. Fasfona yana hannun kafil, wato mai kamfanin da ya kawo ni, fita ƙasar sai da izininsa, kuma ko da fiffike gare ni ba zan riski jana'izar ba.

Ni kaɗai ne namiji wajen Inna. A cikin bas ina ta ganin ƙofar gidanmu: an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dalbejiya, kawunaina sun jeru, mutane na zuwa suna durƙusawa ana shafa fatiha. Wurin da ya kamata in zauna babu kowa. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan, in ma za a ce akwai abin da ya tsaya. Mace ta haifi ɗa namiji guda, ta ci wuyarsa, ta mutu, kuma babu inda ɗan nan ya zauna aka zo aka ce masa ya haƙuri. Kamar ba ta haifa ba.

Hausawanmu sun kira, ba zan yi musu ƙarya ba. "Allah ya jiƙanta, mutumina. Wallahi ina diyuti, sai Juma'a in sha Allahu." Duk kusan haka suka faɗa. Ban ga laifinsu ba, da ni ne ma abin da zan faɗa ke nan.

Na tarar da Baba ya dawo cin abincin rana, yana tsaye a kicin, shinkafa na tafasa. Ya dube ni, ya dubi agogo.

"Baba," na ce, "Mama maut."

Ya ajiye ludayi, ya miƙa hannu ya kashe gas ɗin, shinkafar ko rabin nuna ba ta yi ba. Daga lokacin ba a sake kunna wuta a gidan ba, ko ta shayi. Daga baya na gane al'adarsu ce, gidan da aka yi mutuwa ba a hura wuta, maƙwabta ke ciyar da shi. Da yamma matar wani Ba'indiye da ke hawa na uku ta aiko da tukunyar kunun shinkafa mai ruwa-ruwa, ba sukari, sai gishiri. Sauran 'yan gidan suka dawo, suka zauna a ƙasa suka jingina da bango, suka sa ni tsakiya. Ba wanda ya ce mini komai. Mu a wajenmu gaisuwar mutuwa tana da kalmominta, a faɗa maka ka amsa, a yi addu'a a shafa. Su nasu shiru ne. Na sha kunun don an miƙo mini, ban ji ɗanɗanonsa ba. Na yi ta kallon wani tsagin bango har aka kira magariba.

Washegari na wuni kwance ina kallon silin. Ba barci, ba tunani. Da aka kira la'asar na ja jiki zuwa masallacin unguwa. Na yi salla cikin sahun mutanen da ba wanda ya san uwata ta mutu, na yi mata addu'a da baki, zuciyar kuwa kamar an aike ta wani gari. Na daɗe zaune bayan an watse, sannan na taso.

Tun daga matakala na ji ƙamshin turaren tsinke. Na tura ƙofa.

An share falon tas. A bangon da ke kallon ƙofa an kafa ƙusa, an rataye hoton Inna. Sun sa shi cikin firam mai gilashi, wanda na san na hoton auren ɗayansu ne. An zagaye shi da wata doguwar sarƙar fararen furanni, irin wadda matansu ke sawa a gashi, ta sauko har ƙasan firam ɗin. A goshin Inna, kan gilashin, an ɗiga farin abin nan da Baba ke shafawa. A ƙasa kuma, kan 'yar kujera, fitilar tagullar nan ce ta cikin kabad, tana ci. Su biyar suna tsaye sun yi wanka sun sa fararen kaya, hannuwa a haɗe a ƙirji. Wasunsu aiki suka baro da wuri saboda wannan. Baba yana gaba, yana dubana kamar mai jiran a ce masa sannu da ƙoƙari.

Abin da na kwana na wuni ina jira ya taso, sai ga shi ya taso, amma ba kuka ba ne. Wuta ce. Matar da ta mutu da carbi a hannu, matar da ko hoton ma sai da aka roƙe ta, ita ce aka kunna wa fitilar bauta? Ban san lokacin da na isa bangon ba. Na fizge furannin, zaren ya tsinke, suka watse a ƙasa. Na hure fitilar, man ya zube kan kujera. Na goge goshin Inna da hannun rigata.

"Haram!" na ce. "Haram, Baba! Uwata ce! Musulma ce!" Sauran da Hausa na zazzaga musu, kuma gara da ba su ji ba.

Har gobe in aka sake, sai na cire furannin nan. Addinina ne, kuma na san Inna da ta ga haka da ta ce a rufe ta da ranta. Amma ina tuna yadda Baba ya yi. Hannuwansa suka sauka a hankali. Bai kare kansa ba, bai karkaɗa kai ba. Ya durƙusa, da tsufansa, ya shiga tsince furannin ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a gefen zanensa. Sauran suka sulale. Na ɗauki hoton na shige ɗaki. Kafin in zauna bakin gado wutar ta mutu, na koma yadda nake, kamar icen da aka jingine.

Rana ta uku da na fito da safe Baba ba ya nan. Kabad ɗinsa a rufe, an lulluɓe shi da zanen gado. Na ce a raina to, zama ya ƙare, in na koma aiki sai in roƙa a canza mini gida. Ko wannan bai dame ni ba.

Da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai kantin da ke ƙasanmu ne, shi ma mutumin Kerala, amma Musulmi, mai farar hula da gemu jajaye da lalle. Kullum a wajensa nake sayen burodi da katin waya, ba mu taɓa wuce gaisuwa ba. Yana rungume da naɗaɗɗun tabarmin roba sababbi daga kantinsa. Ya yi sallama, ya kama hannuna da hannu biyu, ya yi mini ta'aziyya da Larabci mai kyau. Ya ce tun kafin ya buɗe kanti ya tarar da dattijon nan tsaye a bakin ƙofa. Wai Baba ya ce masa shi ya yi ɓarna, yana so a gaya masa yadda Musulmi ke yi in uwarsu ta mutu.

Mai kanti ya shimfiɗa tabarmin, ya nuna mini inda zan zauna, jikin bango, ina fuskantar ƙofa. Na zauna.

Sai ga mutane. Wanzamin da ke kwanar layinmu, da almakashi a aljihu. Tela. Masu sayar da shayi da paratha, wata irin gurasa tasu, na tsallaken titi, su biyu, suka shigo da fulas da ƙananan kofuna. Wani Basudane mai ɗinkin kujerun mota. Ladanin masallacin da na yi salla jiya ba wanda ya san ni. Kowa ya cire takalmi, ya shigo, ya kama hannuna, a ɗaga hannu a yi wa Inna addu'a, a shafa, ya ɗan zauna, ya koma bakin sana'arsa. Ban san sunan ko ɗaya ba. Baba ne ya bi su shago shago.

Can sai ga wani dogon baƙin mutum cikin kayan direbobi, yana waige-waige kamar wanda ya ɓata hanya. Yana ganina ya saki ajiyar zuciya.

"Kai Bahaushe ne?" ya ce.

"Bahaushe ne."

"Wallahi ina tsaye ina jiran bas, wani tsoho ya kama mini riga. Yana ta cewa Afrika, Afrika, mama maut, yalla, wai mu je. Na ce bari in zo in gani." Ɗan Zangon Kumasi ne. Ya durƙusa gabana ya kama hannuna. "Ɗan'uwa, yaya haƙuri? Allah shi jiƙan tsohuwa, shi sa ta huta."

"Da godiya," na ce. Bakina ne ya amsa da kansa. Tun da Inna ta rasu sai yanzu aka tambaye ni da harshen da ta yi mini magana. Ya nemi wuri kusa da ni ya zauna, ya ce bas ɗin ta tafi abinta.

Duk wannan hidima ban ga Baba ba. Da azahar ta kusa na tashi in yi alwala, na leƙa waje. Yana tsugune a kan matakala, inda iskar na'ura ba ta kaiwa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Takalman mutane yake jerawa, yana juya su su fuskanci hanyar fita.

"Baba, ta'al. Shigo."

Ya girgiza kai, wannan karon a'a ce sosai. "Ana Hindu, sadik. Mushkila." Wai shi Hindu ne, yana tsoron kada ya shiga ya sake ɓata wani abu.

Na tsuguna kusa da shi. Sai ya fara magana, idonsa kan takalman, da guntun Larabcin nan da hannu. Ya nuna ƙirjinsa, ya ce shi ma mama maut. Da daɗewa, yana sabon zuwa ƙasar, gashinsa baƙi. Lokacin ba waya a ƙauyensu. Wani ɗan garinsu ne da ya dawo daga hutu ya gaya masa, a bakin ƙofar wajen aiki, bayan an yi makonni da ƙona ta. A al'adarsu babban ɗa ne ke sa wa gawar uwa wuta da hannunsa, kuma shi ne babba. Wani ɗan kawunsa ya yi. Ya ce da aka gaya masa ya ce to, ya ɗauki tsaninsa ya hau ya ci gaba da ɗaura waya. Ba shi da hotonta ko ɗaya da zai rataya wa fure. A ɗakin da yake kwana ba wanda ya kashe wuta, an yi girki an ci.

"Ana diyuti," ya ce. Ya buɗe tafin hannunsa ya rufe. "Halas." Wato shi ke nan.

Na kama hannun nan. Ya ɗan turje, na ja shi. Na shiga da shi falon, na ratsa mutane, na zaunar da shi kan tabarma jikin bango, dama da ni, inda masu karɓar gaisuwa ke zama. Mai kanti ya dube ni. Na ce masa da Larabcina na kasuwa, shi ma uwarsa ta mutu, ba a taɓa gaishe shi ba. Ya shafa gemu. Sannan ya taso ya kama hannun Baba ya faɗa masa wata magana da yarensu, a hankali.

Ɗan Kumasi bai jira an yi masa bayani sau biyu ba. Ya matso ya durƙusa gaban tsohon, ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Baba, yaya haƙuri?"

Baba bai san me aka ce ba. Ya dube shi, ya dube ni. Sai gashin bakin nan fari ya fara rawa, kafaɗunsa suka ɗauka, ya sunkuyar da kai cikin gwiwoyinsa. Wani irin sauti ya fito masa, siriri, kamar ba na dattijo ba. Wanzami da ke shirin fita ya dawo ya tsaya a layi, tela ya bi bayansa.

Ni idona a bushe yake, ko ɗigo. Na dai ƙara matsa masa wuri, na dafa gwiwarsa. Tun da shi ba ya iya magana, kuma bai san amsar ba, ni na amsa masa.

"Da godiya," na ce wa ɗan Kumasi. Na kuma faɗa wa na bayansa.